Na yi odar 'yan tsaki 500, guda 90 sun mutu cikin kwana huɗu, in canza kamfani?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan masarufi a nan cikin Gombe ya turo mini wannan saƙon: "Malam na tura wa wani dila da na samu a WhatsApp kuɗi ya aiko mini buroila (kajin nama) 'yan kwana ɗaya guda 500 daga Ibadan, naira 900 kowanne. Ranar da mota ta iso ina shago ga kwastomomi, sai na tura ƙanina ya ɗauko. Cikin kwana huɗu 90 sun mutu. Ina ganin marasa kyau aka sayar mini. So nake in ci bashi in yi odar 1,000 daga wani kamfanin in mayar da asarata."

Ɗan'uwa Allah ya mayar da alheri, asara ba ta da daɗi. Amma da na kira ka na yi maka tambaya uku, wace rana aka ƙyanƙyashe su, ƙarfe nawa mota ta shigo tasha, guda nawa aka tarar a mace cikin kwali, ko ɗaya ba ka iya amsawa ba sai da ka kira ƙanin naka, shi ne ya ce direba ya kira shi tun da asuba amma sai bayan la'asar ya samu ya je, ya tarar da kwalaye goma an jibge su a gindin bango rana ta zagayo kansu, a watan Afrilu, a Gombe. To matsalarka ke nan. Ka saka naira 450,000 a abu mai rai, ranar da ya fi bukatarka ka zauna kana sayar da sukari da madara, ka bar shi a hannun yaron da ko sisinsa babu a ciki. Ban ga laifin ƙaninka sosai ba, aike ka yi masa kamar yadda kake aikensa ya ɗauko katan ɗin taliya, shi ma haka ya ɗauke shi.

Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da ragowar gwaiduwa a cikinsa, ita ce guzurinsa, ita ke riƙe shi kamar awa 72 ba ci ba sha, shi ya sa ma ake iya ɗora shi a mota. Amma fa lissafin awa 72 ɗin daga lokacin da ya fasa ƙwai yake farawa, kuma ba lokaci ɗaya suke fasawa ba, wani ya riga wani da kwana guda cur yana zaune cikin injin ƙyanƙyasa yana jira. Sannan a tantance, a yi rigakafi, a zuba a kwali, a jira mota ta cika, sannan a kamo hanyar da ta haura kilomita 1,000 ga shingaye ga ramuka ga direba zai tsaya ya ci abinci. Kafin su shigo Gombe guzurin nan ya kusa ƙarewa, jikinsu ya bushe, kai kuma ka ƙara musu awa goma a tasha. Irin waɗannan ba ranar suke mutuwa ba, za ka ga suna tsaye kamar lafiya lau amma sun galabaita ba sa zuwa wajen ruwa, sai kwana na uku na huɗu da gwaiduwar ta ƙare su fara zubewa, shi ya sa kake ganin kamar cuta aka haɗo ka da ita. Da ka ɗaga ɗaya daga cikin matattun ka duba za ka ji ba nauyi, ƙafafu sun bushe sun yamutse, jakar abincin da ke ƙasan wuyansa fayau ba komai.

Ba wai ina wanke dila ba ne, akwai masu haɗa wa mutum ragowar da aka ware, akwai kuma ciwon cibiya da ke tasowa tun daga wajen ƙyanƙyasa in ba tsafta, za ka ga cibiyar a jiƙe ko ta yi baƙi, ciki ya kumbura yana wari. To amma da me za ka kama shi? Ba ka buɗe kwali gaban direba ba, ba bidiyo, ba rasit, matattun ma an watsar a bola ba wanda ya kai wa likitan dabbobi ko guda biyu ya buɗe ya gani. Ko kamfanin kirki ne ba zai saurare ka ba bayan kwana huɗu.

Ni ma na taɓa yin irin wannan, shekarun baya cikin hunturu. Guda 200 na kawo, na bar wa yaron gida na tafi ɗaurin aure Bauchi na kwana. Sanyi ya sauko cikin dare, yaro don tausayi ya ƙara gawayi a kasko ya toshe duk tagogi da leda har ƙasan ƙofa ya cusa tsumma. Da na dawo na buɗe ƙofa hayaƙin da ya buge ni sai da idona ya yi ruwa, ga su nan kwance a zagaye da kasko, sama da 60, sauran kuma suna buɗe baki suna neman iska. Har yau ina tuna yadda na durƙusa ina tsince su ɗaya bayan ɗaya ina sawa a buhu. Ban faɗa masa cewa hayaƙin gawayi na kisa ba, ban nuna masa ya bar kafar iska ta sama ba, tafiyata kawai na yi.

Yanzu batun 1,000 da bashi, a'a, kar ka fara. Masu bidiyo a Facebook da ke ce maka sati shida kuɗinka ya ninka ba sa nuna maka daren da suka kwana a ɗakin kaji. A kiwon da aka kula da shi, satin farko abin da ake rasawa bai wuce ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba, wato a 500 ɗinka biyar zuwa goma, kai ka rasa 18 cikin ɗari. Naira 81,000 ta tafi, kowane ɗan tsakon da ya rage ya koma kusan 1,100 a kanka tun bai ci buhu ɗaya ba, kuma waɗanda suka sha wuya da yawa za su tsumbure, su ci abinci su ƙi nauyi, a nan ne asarar da ba a gani take. Abinci ne ke cinye mafi yawan jarin kaji, in ka ciyo bashi ka sayi 1,000 da me za ka ciyar da su a sati na biyar lokacin da suke ci kamar gara?

Ka riƙe 410 ɗin nan ka kai su kasuwa tukuna. Ka sayi littafi na naira 300 ka rataye a ƙofar ɗakin, kullum a rubuta nawa suka mutu, buhu nawa aka buɗe, ranar rigakafin Gumboro, ranar rigakafin Lasota. In ka sayar ka ga abin da ya rage a hannunka sannan mu yi maganar wata odar, ita ma 200 ko 300, kuma ka nemi ta kusa, akwai masu ƙyanƙyasa a Jos da Kaduna, daga Jos awa huɗu zuwa biyar sun iso. Ko ka saya hannun wakilin kamfani da ke da shago a garin nan wanda in abu ya faru ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Ranar da za su iso kuma ka rufe shagon nan ko ka ajiye ƙanin naka a shagon, kai ka je tasha, ka riga mota isa. Tun ana gobe za su iso ka shimfiɗa ɓuntun shinkafa busasshe wanda bai yi fumfuna ba, ka ɗumama ɗaki zafin ƙasa ya kai digiri 32 zuwa 35, a wannan zafin namu da rana ma iska za ka nema musu, cikin dare ne za a kunna wuta. Ka buɗe kwali gaban direba kana ɗaukar bidiyo ka ƙirga. Kana isa gida ruwa mai gulukos da bitamin, mara sanyi, waɗanda suka yi laushi ka tsoma musu baki da hannunka, sannan ka barbaɗa abinci a kan takarda inda za su taka su gani. In sun cunkushe wuri ɗaya suna kuka sanyi ne, in sun gudu jikin bango suna haki zafi ne. Washegari da safe ka kama guda 20 ka taɓa ƙasan wuyansu, ya kamata 19 ka ji jakar cike da taushi, in ba haka ba to akwai gyara a wajen ruwa ko abinci ko ɗumi, ka gyara a ranar.

Na yanzun ma yau ɗin nan ka je ka taɓa su, ka ware masu rauni gefe guda, duk wanda ya sake mutuwa ka sa a leda ka kai wa likita kafin ya kumbura. Bayan kwana bakwai ka ɗauki hoton shafin littafin ka turo mini in gani.