Wasiƙun Baba daga bakin daga: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe adakarsa, muka tarar da wasiƙu 14 da ya aiko wa kakarmu yana fagen yaƙin basasa, wasu da boko, biyu da ajami. Ina so in adana su, in kuma nemi irinsu a gidajen tsofaffin sojoji. Ta ina zan fara, kuma yaya zan gane ta gaskiya? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kafin komai ina roƙonka, kada ka kai su a yi musu laminetin. Zafin na'urar da gam ɗin ledar suna kama takarda, kuma ba a sake raba su lafiya. Kada ka liƙe yagewa da salatif, don idan ya tsufa yana barin tabo ruwan ƙasa a kan rubutu. Cire duk wani fil mai tsatsa, ka warware ninkin a hankali, ka shimfiɗa kowace wasiƙa tsakanin fararen takardu biyu, ka ɗora su a kan kanta nesa da bango. Gara da laimar damina sun cinye mana tarihi mai yawa.

Ambulan kuma kada ka yar da shi, ko da ya yage. Sau da yawa soja ba ya sa kwanan wata, amma hatimin gidan waya yana sawa, kuma lambarsa da bataliyarsa kan fito a bayan ambulan. Da su za ka bi sawunsa. An fara yaƙin ranar 6 ga Yuli 1967, aka gama ranar 15 ga Janairu 1970. Runduna ta 1 ta sojan tarayya ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa ta bi ta Nsukka ta shiga Enugu a Oktoban 1967. Ta 2, ta Kanar Murtala Muhammad, ta bi ta Benin da Asaba, ta sha wuya wajen ƙetare kogin Kwara, sai a Maris 1968 ta kama Onitsha. Ta 3, ta Kanar Benjamin Adekunle, ta biyo ta teku, ta kama Kalaba, sannan Fatakwal a Mayun 1968. Idan wasiƙa ta ce mai ita yana cikin Fatakwal tare da sojan tarayya a 1967, ka tsaya ka sake dubawa.

Kuɗi da adireshi ma suna tona asiri. Sojan lokacin fam da sule yake aiko wa gida, domin naira sai ranar 1 ga Janairu 1973 ta fito. Gusau kuwa tana Jihar Arewa maso Yamma ne tun Mayun 1967; sunan Jihar Sakkwato sai 1976. Amma idan ka ga hannun rubutun ya bambanta daga wasiƙa zuwa wasiƙa, kada ka yi saurin zargi. Da yawan waɗanda aka ɗauka cikin gaggawa ba su yi boko ba, abokin bariki suke yi wa shifta. Shi ya sa wasiƙun ajamin nan biyu suka fi jan hankalina, don mai yiwuwa su ne ya rubuta da hannunsa.

Batun shiga gidaje, shawarata kada ka je da niyyar saye. Wasiƙar da aka raba da danginta ta rasa rabin ma'anarta, domin babu mai faɗa maka wace ce "Yaya" da ake ta gaisarwa a ƙarshen shafi. Ka nemi izini, ka ɗauki hoton gaba da baya da waya, ka bar musu kayansu, ka zauna ka naɗi muryar tsohon ko matarsa. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967 yau ya doshi 80, don haka wannan ɓangaren ba ya jira. Abin da iyali suka ce sirri ne, ka riƙe amana. Wanda suka yarda a fitar kuma ka kwafe shi yadda yake, har da kuskuren rubutu da maganar da ke da ɗaci, kada ka gyara wa marigayi harshe.

Idan tarin ya yi kauri, ka kai kwafi Arewa House ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, dukkansu a Kaduna, tare da takardar da ke bayyana gidan da kowace wasiƙa ta fito.