Tankata ta yamutse bayan fenti, kaina kuma na sarawa

Tambaya: Salam malam. Na yi odar ƙaramin samfurin tankar yaƙi ta Tiger, na roba da ake haɗawa da hannu, sikelin 1/35, irin mai inji da kujeru a ciki, kuɗi ba kaɗan ba na kashe. Na liƙa da sufa gulu duk gefe ya yi fari fari. Da na zo fenti wani mai fentin mota ya ba ni ragowar fenti da tina (ruwan tsinka fenti), na fesa a ɗaki da dare, robar ta yamutse, ni kuma kwana biyu kenan kaina na sarawa. Mai fentin ya ce in sha madarar gwangwani zai wuce. Shikenan tankar ta tashi aiki? Ni ma ba matsala?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bari mu fara da kanka, tanka ta jira tukuna. In har yanzu ciwon kan bai sake ka ba, ko kana jin ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko tari, ka je asibiti yau ɗin nan ka gaya musu abin da ka shaƙa, in da hali ka tafi da gwangwanin fentin da na tinar su karanta.

Maganar madarar nan kuwa wallahi ta ishe ni. Kusan duk sabon shiga da ya zo min sai na ji ta a bakinsa, kuma kullum daga gareji ake kwaso ta. Tururin tina ta hanci yake shiga, ya sauka huhu, daga huhu ya wuce jini kai tsaye ya hau kai, shi ya sa kake jin sarawar. Madara kuma ciki take tafiya. To a ina za su haɗu balle ta wanke shi? Ka sha gwangwani goma, abin da ka shaƙa ka shaƙa, hanta ce za ta yi ta fama da shi. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne madarar tana ba mutum ƙwarin gwiwa, sai ya rufe ƙofa da taga don kar ƙura ta sauka kan fenti, ya yi awa biyu yana feshi, a ransa ai yana da magani a firij. Tinar mota yawanci akwai toluene da xylene a ciki, fentin mota mai haɗi biyu kuma, wanda ake zuba wa hadana (ruwan da ke sa shi ƙarfi), yana da sinadarin da ke iya jawo wa mutum asma ta dindindin. Masu aikinsa na gaskiya da cikakken kayan numfashi suke yi. Shi wanda ya ba ka shawarar madarar, ka saurari yadda yake tari da safe, ba wai zaginsa nake ba, shi ma haka ya tarar ana faɗa.

Kuma kar wani ya ce maka takunkumin korona ya wadatar, ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake abinsa. Wanda ke aiki a kan tururin tina shi ne na roba mai gwangwanin gawayi a gefe, wanda aka rubuta na tururin sinadarai ne. Sannan tururin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci kan tabarma, daidai inda ake kunna maganin sauro na wuta ko risho. Yana kama wuta. Dan Allah ba a feshi a ɗakin kwana, ko da fentin gwangwani na kamfanin Tamiya mai yin kayan haɗawa ne, a fita tsakar gida ko baranda, iska na bayanka.

To tanka. Ba ta mutu ba. Robar waɗannan kaya tina mai zafi cinye ta take, abin da ka gani kenan. Ka ajiye ta sati guda ta bushe sosai, ka bi wurin da sanfefa lamba 600 sannan 1000, da ɗan ruwa. In Tiger ɗinka ta tsakiya ce ko ta ƙarshen yaƙi ka yi sa'a, don daga wajen ƙarshen 1943 zuwa Satumba 1944 Jamusawa suna shafa wa jikin tankokinsu wani kwaɓi mai layi layi, zimmerit, saboda nakiya mai maganaɗisu, ana sayar da shi a sitika ko ka yi da foti (kwaɓin cike rami), zai rufe maka ɓarnar gefe. Rufin sama dai ba a shafa masa, can sai haƙurin gugu.

Farin da ka gani hayaƙin sufa gulu ne, firaima, wato shafin da ake yi kafin fenti, zai ɓoye shi. Amma ka daina liƙa roba da roba da shi. Nemi gam mai ruwa irin Tamiya Extra Thin, ka haɗa ɓangarorin a bushe ka tabbatar sun zauna, sai ka taɓa bakin haɗin da ɗan burushin, shi zai bi layin da kansa ya narkar da su su zama ɗaya. Sufa gulu na ƙananan guntayen tagulla ne da bakin igwa na ƙarfe kawai.

Shawarata, mayar da Tiger ɗin kwali. Irin masu cikin nan na kamfanonin Rye Field ko MiniArt guntaye sukan haura dubu, sarƙar Tiger kaɗai ɗiya 96 ce kowane gefe, ka share kowace ɗaya ɗaya, nan ne yawancin mutane ke zubar da abin gaba ɗaya. Sayi tankar Panzer II ta Tamiya, tsohuwar nan ta 1971, ko M41 Walker Bulldog, masu arha ne, sarƙarsu ɗamara ce ta roba, cikin 'yan kwanaki ka gama ka ga aikin hannunka a tsaye. A kanta za ka koyi yanka da abin yanka maimakon murɗewa da yatsa, da goge layin mol, wato ɗan layin da injin zuba roba ke bari a jikin guntaye.

Fenti kuma ka koma na ruwa, na kamfanin Vallejo ko AK, da burushi mai faɗi ma ya isa, a tsinka shi a yi shafi uku sirara, kar ka nemi rufewa a shafin farko. Da zafin nan namu yana bushewa a bakin burushi, don haka ka yi da sassafe, lokacin hunturu kuma kana gamawa ka kifa roba a kai saboda ƙura. Kafin ka manna sitikar lamba da tambari ka shafa banish mai sheƙi a wurin, in ba haka ba gefenta zai yi azurfa azurfa. Tsatsa da laka ka rage hannu, tankokin yaƙin duniya na biyu da yawa ba su daɗe a fagen daga ba balle su ruɓe kamar motar da aka yasar, ka duba hotunan ainihi na wadda kake haɗawa kafin ka zuba komai.

Ragowar tinar nan ka mayar masa da ita, kar ta kwana a ɗakin da iyalinka ke kwana, kuma kar a juye ta a gorar ruwa, yaro ba zai bambance ba.