Sandar da Jijiyarta Ta Yi Tafiyar Maciji

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce sandar dargazar da ka saro da damina ta bushe, amma jijiyarta ba ta miƙe ba, ta karkata dama ta komo hagu kamar sawun maciji a rairayi. Kana so ka ji ko ka ja zare ka fere ta har ta miƙe, ko ka haƙura ta tafi murhu. Ko ɗaya ba za ka yi ba. Sandar nan za ta yi baka, amma ita za ta nuna maka hanya.

Abin da ka nuna mini a waya rannan, Baturen nan mai sassaƙa itacen da suke kira elm, ai matsalarku ɗaya. Itacen nasu jijiyarsa a sarƙe take, ba ya son tsaguwa, shi ya sa yake jure ja. Kai ka karanta mini cewa bakunan da aka tono a fadamar Holmegaard ta ƙasar Denmak a 1944 da shi aka yi su, kuma sun kai shekara 9,000. Ka lura da hannun mutumin? Bai taɓa bayan sandar da ƙarfe ba. Mu ma haka muka tarar iyayengijinmu suna yi.

Bayan baka, wato gefen da ke kallon nama idan ka ja tsirkiya, shi ke miƙewa, ciki kuma shi ke matsewa. Abin da ke riƙe bayan nan jijiyoyin da suka tashi daga wannan kai suka dire wancan ba tare da yankewa ba. To idan jijiya ta yi gwiwa kai kuma ka bi zare ka yanke gwiwar, ka datse su ke nan. Ido zai ga baka santal, gwanin sha'awa, amma a daidai wurin nan sartse zai fara ɗagowa. Ina saurayi na yi wannan wautar. Na kwana uku ina goge wani baka har yana ƙyalli, maigidana yana kallona bai ce uffan ba. Ja na huɗu ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara, ɓallin ya tsaga mini gira. Tabon da kake gani ke nan. Sai a lokacin ya ɗauki guntun ya nuna mini inda na ƙetare jijiya.

Saboda haka ajiye zaren. Ɗauki gawayi, ka fita da sandar da hantsi, ka karkata ta yadda haske zai kwanta a kanta, siraran layukan da ke ƙarƙashin ɓawo za su fito. Zaɓi guda a tsakiya ka bi shi da gawayi, ya karkata ka karkata, ya dawo ka dawo. Daga wannan layin za ka auna faɗi, yatsa guda dama, yatsa guda hagu, kana ragewa kaɗan-kaɗan zuwa kai. Gefunan bakan za su fito a karkace, ka bar su haka. Abu ɗaya kawai nake so ka tabbatar: idan ka miƙa zare daga kai zuwa kai, ya ratsa ta tsakiyar mariƙi. In ya ratsa, abin da ke tsakani ya yi ta rawarsa, kibiya ba ruwanta.

Wanda ya fi wahala shi ne tudu da kwari, inda bayan sandar ya ɗago ya sake faɗawa. A nan yara suke lalacewa, don sukan sassaƙe ciki ya yi sumul kamar allo, sai kan tudu ya yi kauri, cikin kwari ya yi siriri, baka ya karye a kwarin. Dole ciki ya bi baya. Inda baya ya ɗago, ciki ya shige. Inda ya faɗa, ciki ya fito. Ido ba ya gane wannan. Kama sandar tsakanin babban yatsa da manuni, rufe ido, ka ja hannu a hankali daga mariƙi zuwa kai. Yatsunka za su faɗa maka inda kauri ya yi tsalle. Inda ka tarar da gurbin reshe kuwa, bar masa nama kewaye da shi, kada ka daidaita shi da sauran.

Gizago na farkon aiki ne kawai, kuma a ciki. A irin wannan itace yakan ci da kyau taƙi guda, ya iso gwiwa ya ɓantaro abin da ba ka nufa ba. Da ka ji bakinsa ya fara nutsewa, juya sandar ka sara ta ɗaya wajen. Idan saura kamar rabin yatsa ka iso kaurin da kake so, rataye shi ka koma magagari, daga nan sai kankara da wuƙa ko fasasshiyar kwalba. E, aikin zai ci maka kwana biyu a maimakon yini. Ba kasuwar gobe za ka kai shi ba.

Wajen lanƙwasa ma sai ka yi hattara, domin karkatacciyar sanda maƙaryaciya ce. Wurin da dama can a lanƙwashe yake sai ya yi kamar ya yi laushi, alhali ko motsi bai yi ba. Kafin ka ɗaura komai, kwantar da ita a ƙasa ka zana siffarta. Sannan ka sa doguwar igiya sako-sako, ka ja kaɗan, ka gwada da zanen, ka ga wane wuri ne ya motsa, wane ne ya ƙi. Wanda ya ƙi ka shafa masa gawayi, ka kankare gawayin kawai, ka ja sau ashirin kafin ka sake dubawa, don itace ba ya nuna abin da aka cire masa nan take. Kada ka taɓa ja fiye da ƙarfin da kake so bakan ya tsaya a kai, ko da abokanka sun zuga ka.

In ka gama ka ga tsirkiya ta kauce wa mariƙi da ɗan kaɗan, akwai gyara. Shafa man kaɗanya kusa da mariƙin, gasa a saman garwashi, ba harshen wuta ba, har ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, ka sa a gwafar bishiya ka tanƙwara, ka riƙe har ya huce. Cikin za ka nuna wa wuta, bayan kuma ka kare shi. Daga nan ka bar shi kwana uku kafin ka ɗaura tsirkiya, musamman yanzu da hunturu ya tsotse komai.

Gobe bayan azahar ka zo da ita, da layin gawayinka a jiki. Kada ka sa mata ƙarfe sai na gani.