Tankin kifi mai tsirrai: abin da za a saya da abin da za a bari a shago

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka zo daga unguwanninmu na Zango a Accra kwanan nan sun fi yawa a kan tankin gilashi na kifin ado, irin wanda ake dasa tsirrai masu rai a ciki. Ga biyar daga cikinsu, na taƙaita su.

Wani tela daga Nima ya rubuto: "Malam, na tara ɗan kuɗi ina so in sa tankin kifi mai ganye a falo. Mai shago ya lissafa mini tanki, filta, hita, fitila, kwalbar iskar kabon da kifi goma. Kuɗina ba za su kai ba. Da wanne zan fara?"

Ɗan'uwa, cire hita daga lissafi tun yanzu. Yawancin kifin ado da ake sayarwa a nan suna son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, kuma ɗaki a Nima ba ya buƙatar taimakon wuta kafin ya kai haka. Damuwarmu zafi ce, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwan tanki kan haura digiri 30 a ɗakin da ke ƙarƙashin kwano. In ruwa ya yi zafi, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa raguwa take yi, sai ka ga sun taso sama suna haki. Ƙaramar fanka da ke busa saman ruwan ta fi maka amfani nesa. Kwalbar kabon ma ka bar ta. An yi ta ne don tsirrai masu wuyar sha'ani, kuma a hannun sabon shiga tana iya shaƙe kifi.

Kuɗin da ka tsira da su, zuba su a girman tanki. Mutane kan ɗauka ƙaramin kwanon gilashi ya fi sauƙin kulawa, alhali shi ne ya fi saurin lalacewa, don ƙazanta kaɗan take cika ruwa kaɗan. Nemi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wanda ke cin lita 54. Masu aikin gilashi da alminiyom na unguwa za su iya haɗa maka shi. Ka ce a yi da gilashi mai kaurin milimita 6, sannan ka karanta jikin silikon ɗin da za a liƙe shi da idonka: wanda aka rubuta yana hana fumfuna, na banɗaki da kicin, yana ɗauke da maganin da ke cutar da kifi. In an gama, cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu, ka tabbata ba ya yoyo kafin ya shiga falo. Ka kuma tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. Da ruwa da yashi da gilashi za ka doshi kilo 70, don haka teburin roba ba zai ɗauka ba. A samu tebur na katako ko ƙarfe da ya zauna daram, a shimfiɗa soso siriri a ƙarƙashin gilashin.

Fitila ba sai mai tsada ba. Farar LED mai lamba 6500K ta isa, a kunna ta awa 6 zuwa 8 a rana. Kada ka ajiye tankin bakin taga da nufin tsirrai su sha rana, ranar Accra gansakuka za ta haifar maka, gilashi ya koma kore cikin 'yan kwanaki. Filta kuwa, sayi ta soso wadda famfon iska ke turawa. Ba ta da tsada, ba ta shan wuta sosai, kuma ba ta zuƙe 'ya'yan kifi.

Kifi goman nan su ne ƙarshen saye, kuma nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, ita kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a soson filta da cikin tsakuwa, su juya amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan wasu su juya shi zuwa naitiret, wanda tsirrai ke sha a matsayin taki. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyin. Sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Saboda haka ka dasa tsirrai, ka kunna filta, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kamar ƙwayar shinkafa biyu duk bayan kwana biyu don su samu abin ci, ka jira. In kana da aboki mai tsohon tanki lafiyayye, roƙe shi ya matse maka soson filtarsa a naka, wannan yana rage kwanakin. A lokacin jiran ka rufe saman tankin, famfon iska kuma ya riƙa motsa ruwan, kar sauro ya samu wurin yin ƙwai.

Wata Hajiya daga Mamobi ta ce: "Ɗana ya wanke tankinsa tas, ya cika da ruwan famfo, da safe kifin duk sun mutu. Yanzu ya ce sai dai mu riƙa sayen fiya wata. Haka ne?"

Hajiya, Allah ya mayar masa da alheri, kuma a rarrashe shi, tsafta ya yi nufi. Abu biyu suka haɗu. Ruwan famfon Accra daga matatun Weija da Kpong yake zuwa, ana sa masa kulorin don ya kashe cuta kafin ya iso gare mu. Wannan alheri ne ga mai sha, amma yana ƙona sassan da kifi ke numfashi da su. Na biyu, wankewar da ya yi tas ta tafi da ƙwayoyin nan masu amfani da na ambata a sama.

Ba a canza ruwan tanki gaba ɗaya. Kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku ake ɗiba duk mako, wato kamar lita 15 a tanki mai lita 54. In da fiya wata za a yi, leda 30 ke nan, jaka guda cur kowane mako, kuma babu dalilin wannan kashe kuɗin. A tari ruwan famfo a buɗaɗɗen bokiti ya yi kwana ɗaya ko biyu, kulorin zai fice. Wanda ya fi tabbas shi ne a sayi maganin ɗigawa mai kashe kulorin a shagon kifi, ƙaramar kwalba tana daɗewa. In ruwan motar tanka kuke saye ko na borehol, ɗanɗana shi tukuna, domin a wasu sassan Accra ruwan ƙasa yana da gishiri, tsirran ruwan daɗi kuma ba sa jure shi. A ware bokiti ɗaya da bai taɓa ganin omo ko sabulu ba. Soson filta kuma a cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga tankin ake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba.

Ƙari ɗaya, Hajiya, tunda ke ce mai kula da gida: ranar da za a fesa maganin sauro, a kashe famfon iska, a lulluɓe tankin da zane, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Abin da ke kashe sauro a cikin feshin nan yana kashe kifi ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa.

Wani ɗalibi daga Madina ya tambaya: "Tsirran shago sun yi tsada. Zan iya tsinko na cikin tafkin Weija ko na Volta, in ɗebo yashi a bakin teku a Labadi?"

Ƙanena, tunaninka na neman abin gida ya yi kyau, amma kada ka shiga ruwan nan da hannu ko ƙafa. Bayan an kammala dam ɗin Akosombo a 1965, wata ciyawar ruwa mai suna Ceratophyllum ta bazu a bakin tafkin Volta, ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya suka samu mafaka a cikinta, cutar ta yi yawa a ƙauyukan masunta. Ita wannan ciyawar ce ake sayarwa a shagunan kifi, kuma tana da kyau ƙwarai a tanki: ba ta da saiwa, tana girma da sauri, tana shanye ƙazanta. Amma wadda aka tsinko daga tafki tana iya zuwa da katantanwa mai cuta, tsutsar kuma ta fatar mutum take shiga. Kai da za ka riƙa tsoma hannu a tankin duk mako, ba na son ka ɗauki wannan kasadar. Sayi tsinke biyu ko uku daga wanda ya rene ta a tanki, cikin wata guda za ka fara rabar da ita.

Abin da ke faranta mini rai shi ne mafi juriyar tsirran tanki 'yan yankinmu ne. Anubias daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ta fito, tana maƙale da duwatsu a bakin rafi cikin inuwa, shi ya sa haske kaɗan ke isar ta. Ganyenta kauri ne da shi, kore shar. Kuskuren da aka fi yi da ita shi ne binne karan nan mai kauri da ke kwance, wanda ganye ke fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasansa. In aka binne shi ruɓewa yake yi. Ɗauko zaren ɗinki, ka ɗaure shi a jikin dutse ko itace, ba da ƙarfi ba. Bayan 'yan makonni za ka ga fararen saiwoyi sun kama dutsen da kansu, sai ka yanke zaren. Haka ake yi wa Bolbitis, ita ma 'yar Afirka ce, da Java fern ta Asiya. Anubias tana da jinkirin girma, ganye ɗaya kan ɗauki makonni, don haka kada ka zaci ta mutu. Vallisneria mai dogon ganye ita ake dasawa a yashi, a bayan tanki. Kainuwa ma tana yi a saman ruwa, sai dai ka riƙa rage ta kar ta tare haske, kuma wadda ka cire ka shanya ta bushe, kada ta shiga kwata.

Yashin Labadi bar shi, akwai gishiri da ɓarɓashin bawon kifin teku. Yashin kogi na magina ya yi, a wanke shi har ruwan ya fita garau, amma ka tambayi inda aka ɗebo shi, ka guji na kogunan da galamsey, wato haƙar zinare ta haramtacciyar hanya, ya ɓata irin Pra da Offin da Birim. Dutse kuwa, ɗiga masa ruwan khal: in ya yi kumfa, yana da farar ƙasa da za ta canza ruwan, ajiye shi. Jar marmara tana da sinadarin ƙarfe da saiwa ke so, ana shimfiɗa 'yar kaɗan a can ƙasa, a rufe da yashi mai kaurin santimita 4 zuwa 5.

Wani direban trotro daga Ashaiman: "Kifin zinare zan sa ko 'ya'yan karfasa?"

Alhaji, ko ɗaya. Kifin zinare ɗan ruwan sanyi ne, yana kai santimita 20, yana cinye ganye. Karfasa kuma tona yashi take yi ta tumɓuke duk abin da ka dasa. Fara da ƙananan kifin ado irin guppy ko platy guda shida, namiji ɗaya ga mata biyu, da kansu za su haihu. A shago ka duba tankin da za a kamo maka: in akwai matacce a ciki, ko masu fararen ɗigo a jiki, wuce gaba. In ka iso gida, bar ledar ta yi iyo a saman tankin minti 15 zuwa 20 kafin ka sake su. Abinci, abin da za su cinye cikin minti biyu.

Ta ƙarshe daga wata malamar makaranta a Sabon Zango: "In aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, fa?"

Malama, awa biyu ko uku ba komai, musamman a tanki mai tsirrai da kifi kaɗan. Sayi ƙaramin famfon iska mai igiyar USB, ki jona shi da fawa bank na waya, zai riƙa tura filtar soson har wuta ta dawo. In babu, ki riƙa ɗibar ruwan da kofi kina kwararo shi daga sama lokaci lokaci. Kada ki ba su abinci sai wuta ta dawo, lafiyayyen kifi yana kwana biyu bai ci ba. In filtar ta kwana a tsaye, matse soson a ruwan tankin da kika ɗiba a bokiti kafin ki kunna, sannan ki canza kwatan ruwan a ranar.