Yadda muke zaɓen magajin gari a Shikago

Ƙanena, ka tambaye ni ko gaskiya ne a nan baƙi baƙin mutum yake zaɓa, fari kuma fari. Akwai ƙamshin gaskiya, amma sai ka fara sanin yadda aka zauna a garin.

Shikago mazaɓu 50 gare ta, kowace da kansilanta. Kudu da yammacin gari na baƙaƙen fata ne, jikokin waɗanda suka yi ƙaura daga jihohin kudu na ƙasar Amurka. Ba su suka zaɓi zama a can ba; shekara da shekaru bankuna da dillalan gidaje suna toshe musu sauran unguwanni. Da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya fito zanga-zanga kan haka a 1966, dutse aka jefe shi da shi a Marquette Park. 'Yan asalin Meziko sun cika Little Village da Pilsen. Can gefen arewa maso yamma kuwa Turawa ne, da yawansu 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Kai da ka san yadda kogi ya raba Kaduna, ba sai na ja maka zance ba.

Tsofaffin nan har gobe 1983 suke ba da labari. Harold Washington, baƙar fata, ya tsaya takarar magajin gari a jam'iyyar Dimokurat, sai Turawan da suka gaji jam'iyyar tun iyaye da kakanni suka juya wa ɗan Rifablikan, don kawai kada baƙi ya hau. Ya dai ci. Kansiloli 29 suka haɗa kai suka yi ta taka masa burki.

Mu fa? A fata baƙaƙe ne, amma yawancinmu a arewa muke haya, wajen Uptown da Rogers Park, cikin 'yan Habasha da 'yan Fakistan. Sannan ba kowa ke da ƙuri'a ba, sai wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Shawararmu a bakin masallaci ake yin ta bayan Juma'a, a ƙarasa a WhatsApp, kuma kuɗin haya da makarantar yara da tsaro sun fi launin fata cin lokaci.

A zaɓen 2023 har cikin gidana aka rabu. Paul Vallas Bature ne, ƙungiyar 'yan sanda na bayansa; Brandon Johnson baƙi, tsohon malamin makaranta. Ni da na yi shekaru ina jan tasi cikin dare, maganar tsaro ta ja ni wajen Vallas. 'Yata, haihuwar nan, ta ajiye cokali ta ce, "Baba, in ɗan sanda ya tare Yaya, ba zai tambaye shi ko Bahaushe ne ba." Ban samu amsa ba, na ce ta miƙo min ruwa.

Johnson ya ci, da ƙuri'un kudu da yamma da na matasan Turawan arewa. Tawa ƙuri'ar kuwa, har yau tana tambayata, ni kuma na ƙi faɗa.