Ga Gajiya, Ga Barci Ya Ƙi Zuwa: Me Za Mu Yi A Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo ta Jihar Jigawa, 'ya'yana biyar. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da yamma kuma ina koyar da yara a Islamiyya. Tun asuba nake kan ƙafata har bayan Isha'i. Idan na kwanta, ga gajiya kamar an yi mini duka, amma barci ya ƙi zuwa. Wuyana da kafaɗuna su riƙe, zuciyata tana ta lissafin bashin gyaɗa da cefanen gobe. Har na fara yi wa yara tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Maigidana ma noman rani yake yi, kullum ya dawo da ciwon jiki sai ya aika kyamis a haɗo masa magani. Akwai abin da za mu yi a gida ba sai mun kashe kuɗi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sanya albarka a sana'a da zuri'a. Akwai, kuma yawancinsa yana hannunki. Amma bari mu fara da dalilin da ya sa mai gajiya ke kasa barci.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke sakin sinadarai biyu, adirenalin da kotisol, duk lokacin da mutum ya shiga matsi. Su ne ke sa zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, tsokar wuya da ta kafaɗa su ɗaure. A ƙa'ida kotisol yana hawa da sassafe don ya tashe ki, ya dinga sauka har ya kai ƙasa wajen tsakar dare. To, lissafin bashi a kan katifa yana tayar da waɗannan sinadarai kamar yadda tsoro ke tayar da su. Ke da kike wuni gaban murhu kin san ba a janye itace mai ya huce nan take, sai an ba kaskon lokaci. Matsalarki ke nan: kina tashi daga aiki ki faɗa shimfiɗa kai tsaye, babu wani tsakani da jiki zai huce a cikinsa. Duk abin da zan lissafa miki hanya ce ta samar da wannan tsakanin, kuma zan rataya su a kan lokutan salla, don su ne agogon da ba ya kuskure a gidan Bahaushe.

Na farko, ki yanka wa aiki lokaci. Daga sallar Isha'i babu ɓarar gyaɗa, babu ƙirga kuɗin ciniki. Ayar Suratun Nur ta 58 ta ambaci lokuta uku da mutum ke keɓewa a ɗakinsa: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan sallar Isha'i. Wanda ya ce hutu a waɗannan lokuta lalaci ne, shi ne bai duba ba. Lissafin da ke bin ki shimfiɗa kuwa, ki ba shi nasa zama kafin Magariba. Ɗauki littafi, da boko ko da ajami, ki rubuta wa ke bin ki, wa kike bi, me za a fara yi gobe. Minti goma ya isa. Zuciya tana nanata abin da take tsoron mantawa ne, idan ya shiga takarda takan sassauta.

Sai numfashi, wanda a ganina ya fi komai saurin aiki, duk da mutane kan raina shi. Idan kin sallame Isha'i kada ki miƙe. Zauna a kan dadduma, ki jingina da bango, ki ɗora tafin hannu a cibiya. Ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu a zuci, ki ji cikinki na tura hannun, kafaɗa kuwa kada ta ɗaga. Sannan ki saki a hankali kina ƙirga shida. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wannan salon yana sauko da shi wajen sau 6. Sirrin yana wajen fitar da iskar: akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta isa zuciya da ciki, kuma duk lokacin da kika ja fitar numfashi, tana rage wa zuciya gudu. Ki yi minti biyar. Idan kin ji jiri, kin cika jan iska ne, ki rage ƙarfi.

Kina malamar Islamiyya, ba sai na koya miki hadisin Nana Faɗima ba, Allah ya ƙara mata yarda, amma ki dube shi da idon mai sana'a. Dutsen niƙa ne ya yi wa hannunta illa har ta je neman mai taya ta aiki, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya musu ita da Sayyidina Aliyu tasbihi 33, tahmidi 33 da kabbara 34 idan za su kwanta. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi. Falalarsa ta malamai ce su yi bayani. Abin da ni zan ce a fagena shi ne, idan kika yi shi a natse, ba a guje kamar ana koran ki ba, numfashi zai daidaita da kansa, zuciya kuma ta samu abin riƙewa da ba bashin gyaɗa ba.

Ruwan ɗumi shi ne na gaba, kuma ba zai ci miki itace ba. Idan kin sauke abincin dare, ki ɗora tukunyar ruwa a kan ragowar garwashin. Wanka da ruwan ɗumi awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya yana saurin kawo barci, domin jini yana tahowa fata da tafin hannu da na ƙafa, zafin cikin jiki ya fita, kuma saukar wannan zafin na daga cikin abin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa dare ya yi. Ranar da ruwa ya yi wuya, baho ɗaya ya isa: ki tsoma ƙafafu zuwa idon sawu na minti goma ko sha biyar. A gwada zafin da gwiwar hannu tukuna. Mai ciwon suga ya yi hattara ƙwarai, don ƙafarsa kan daina jin zafi, ya ƙone bai sani ba. A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, ruwan da ya wuni a rana ma ya wadatar.

Kafaɗun nan da ke riƙe miki, juya tunkuza a turmi da murza ƙuli ne suka tara musu aiki, damuwa ta zo ta ƙara ɗaure su. Akwai dabarar da wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, ya fito da ita a shekarun 1920. Kina kwance rigingine, ki dunƙule hannu tamau kina ƙirga biyar, ki saki lokaci ɗaya, ki tsaya ki ji yadda yatsun suka yi laushi har ki ƙirga ashirin. Sai ki ɗaga kafaɗu zuwa kunne, ki riƙe, ki saki. Haka za ki bi fuska, ciki, cinya, har yatsun ƙafa. Mai damuwa yakan manta yadda sakakkiyar tsoka take, wannan ne ke tuna masa. Bayan haka a shafa man kaɗanya a yi tausa. Ki yi wa maigida gadon baya, shi ma ya yi miki wuya da kafaɗa. Na san wasu mazan za su ce wannan ba girmansu ba ne. Ki nuna masa amsar nan.

Goro, shayi mai ganye da kofi duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda rabinsa ke nan a jini bayan kimanin awa biyar. Goron bayan La'asar yana nan yana aiki lokacin kwanciya. Da yamma a koma ruwan citta ko na'a-na'a, ko zoɓo mai ƙarancin suga, wanda Jigawa ba ta rasa shi ba. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su tambayi ma'aikacin lafiya kafin su mayar da zoɓo abin sha na kullum. Ƙailula bayan Azahar tana da kyau idan ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ba. Baligi na bukatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma gaskiya, babu numfashin da zai maye gurbin raba aiki. Yaran da suka tasa su karɓi ɗebo ruwa da wanke-wanken dare.

Maganar maigida ta fi tayar mini da hankali. Haɗin kyamis yakan ƙunshi irin su diclofenac ko ibuprofen, wani lokaci biyun tare. Shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana kuma lahanta ƙoda, musamman ga wanda ya wuni a fadama yana zufa bai sha isasshen ruwa ba. Idan akwai Tramadol a ciki abin ya fi muni, don yana kama jiki, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Ya riƙa tafiya gona da jarkar ruwa, ya lura da fitsarinsa: idan ya yi duhu, ruwa ne bai ishe shi ba. Idan kuwa ya riga ya saba da Tramadol, kada ya yanke dare ɗaya, ya je asibiti a rage masa a hankali.

Kada ki ɗauki duka a rana ɗaya. Ki fara da rufe aiki da Isha'i da numfashin nan, ki riƙe su mako biyu, sannan ki ƙara. A cikin makon nan kuma ku biyun ku je ɗakin shan magani mafi kusa a auna muku jini. Hawan jini ba ya sallama, idan awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama, magani yake bukata. Ke kuma a duba ko kina da ƙarancin jini, don yana kawo kasala da bugun zuciya. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya wuce mako biyu, ko kika ji rayuwar ta fita ranki, kada ki tsaya ga dabarun gida: Babban Asibitin Haɗeja yana kusa da ku, akwai kuma asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa a Kazaure. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko baƙin bayan gida ga maigida kuwa ba sa jiran gari ya waye. Idan za ku tafi, ku riƙe ledar maganin da yake sha da sauran ƙwayoyin da ke ciki, a gani da ido.