Shin morfin yana ƙarasa yaro mai ciwon daji?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni likita ce mai neman ƙwarewa a fannin yara a nan Zariya. Muna da yaro ɗan shekara 7, nauyinsa kilo 20, ciwon daji ya kama masa ƙashi, kwana yake yana kuka. Na so in rubuta morfin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, mahaifinsa ya ƙi, wai mai kemis ya ce allurar ƙarasa mara lafiya ce. Gaskiya ni ma gabana yana faɗuwa.

Amsa: Ƙanwata, tsoronki ya fi na baban yaron damuna, domin alƙalamin a hannunki yake.

Wannan magana kullum sai na ji ta, har daga bakin manyan nas-nas. Dalilinta ɗaya ne: muna ɓoye morfin sai yaro ya kai gargara, mu ba shi da yamma, ya cika da asuba, dangi su ce maganin ne. Ciwon ne ya kashe shi, mu kuma muka bar shi makonni cikin azaba. Mai kemis da bai taɓa auna nauyin yaro ba, ina ya san wannan? Shi ne kuma zai sayar musu da tramadol ba takarda.

Idan morfin ya yi yawa, numfashi ba ya tsayawa kwatsam. Barci mai nauyi ne ke fara zuwa, shi za ki sa wa ido, ki ƙirga numfashi, naloxone, maganin da ke karya ƙarfin morfin, yana kusa. Maganar zama ɗan ƙwaya kuwa, sabon da jiki ke yi daban, jaraba daban. Shi ya sa ake janye maganin a hankali.

Ki fara da na sha, miligiram 0.2 a kowane kilo, wato miligiram 4 duk bayan awa 4, bisa agogo, kada ki jira sai ya yi kuka. Jimilla 24 ke nan a yini. Idan ciwon ya taso a tsakani, ki ƙara kashi 10 cikin 100 na jimillar, miligiram 2.4. Washegari ki haɗa ƙarin da ya sha ki gyara awon. Ki duba ƙodarsa tukuna. Lactulose kuwa, maganin sassauta bayan gida, tun ranar farko, don bayan gida zai ɗaure.

Kada ki haɗa da maganin raɗaɗi pentazocine, yana kishiyantar morfin. Kodin kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga tsarin maganin ciwon yara tun 2012.

Baban yaron, ki ba shi kujera, ban da tsayuwa a baranda. Ki kira mahaifiyar, ki tambaye su me suka ji, ki yi shiru su gama. Sannan ki ce: "Baba, ciwon ya fi ƙarfin maganinmu, amma raɗaɗin bai fi ba. Mu gwada kwana ɗaya kana zaune, ka gani ko zai yi barci ya sha kunu."